Gina-ka-ci: yadda aka fara biyan manoman Adar ladan gyaran ƙasa

A Amurka, tun 1985 gwamnati ke biyan manomi kuɗi don ya bar gonarsa ta huta. A yankin Adar na Nijar kuwa, inda ba mai gonar da zai iya barin ta, ladan na gumi ne, da farko kuma an biya shi da hatsi da mai. Shi ne talakawa suka laƙaba wa suna gina-ka-ci.

Abin ya faro ne daga kwarin Majiya bayan farin farkon shekarun 1970. Iskar hunturu na kwashe ƙasar gona, sai ma'aikatan gandun daji na Buza da ƙungiyar CARE suka fara dasa dogon yaro a 1975, layi biyu-biyu, da tazarar mita 100 tsakanin shinge da shinge. Gero ya ƙaru a bayan itatuwan, amma da lokacin sara ya zo sai rigima ta tashi: icen na wa ne? Mai gona ya ba da fili, 'yan gari sun yi dashe, dokar gandun daji kuma ta sa ice a hannun gwamnati. Makiyaya da mata masu awaki, da aka hana kiwo shekaru, ba a fara lissafi da su ba.

A 1984, shekarar da Shugaba Seyni Kunce ya kira taron Maraɗi kan gurgusowar hamada, aka buɗe aikin Keita. Italiya ta ba da kuɗi, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya kuma suka shigo, FAO ta riƙe aiki, PAM ta kawo abinci. An tsaga fako da tarakta, an jera duwatsu a gangaren tsaunuka, an datse ƙoramu, an dasa miliyoyin itatuwa. Maza sun tafi cin rani, don haka mata ne suka ɗauki yawancin duwatsun nan a ka.

Masu suka na cewa abinci ya sayi hannun mutane, bai sayi zuciyarsu ba. Suna da hujja: a Maraɗi, manoman da aka bai wa abinci a 1984 don su bar sabon toho a gonakinsu, yawancinsu sun sare shi da rabo ya tsaya. Sai dai sukar ta manta cewa mai yunwa ba ya dakon dutse kyauta, kuma ba gidan da zai iya datse ƙorama shi kaɗai. Matsalar ba ladan ba ce, rashin sanin mai abin ne bayan an gama biya. A Keita, filin da aka raba wa magidanta ya fi samun kulawa kan makiyayar da ta zama ta kowa. A yankin Illela ma, da manoma suka ga amfanin tassa, wato ƙananan ramukan shuka, daga 1989, har fako suka riƙa saye suna farfaɗowa da kuɗinsu.

Dokar karkara ta 1993 da ta gandun daji ta 2004 sun ƙara wa manomi iko kan ƙasarsa da icenta, amma sun zo a makare, ta farkon ma sai bayan shekara goma sha takwas da dashen farko a Majiya. Daga baya kuɗi ya soma maye gurbin buhu, har yau kuma ana haƙa ramukan rabin-wata a Madawa da Buza, ana biya bisa yawan ramin da mutum ya haƙa.