Kiɗan intanet a mota: abin da ke gyara sauti

Ingancin kiɗan da ake ji a mota ya dogara ne da hanyar da sauti ke bi daga salula zuwa lasifika. Igiyar USB ce kan gaba, musamman a motocin da ke da Android Auto ko Apple CarPlay, domin sautin na isa ba tare da an sake matse shi ba. Bluetooth kuwa sai ya matse shi kafin ya aika. Mafi rauni ita ce 'yar na'urar da ake sokawa a ramin kunna taba ta watsa kiɗan ta FM, abokiyar tsofaffin motoci: da an shiga gari, gidajen rediyo su fara kutso mata.

Manhaja ma da nata rabon. Matakin kilobit 320 a daƙiƙa da Spotify ke ba masu biyan kuɗi na cin megabait kusan 144 a awa guda, na 96 kuwa kusan 43 ne. A doguwar hanya irin ta Maraɗi zuwa Damagaram, inda layi kan yanke, gara a sauke waƙoƙin tun daga gida. In gilashi a buɗe yake, ƙarar iska da ta inji kan haɗiye bambancin.