Yadda sana'a ke shafar tallafin tsofaffi

A masarautar Yauri da ke jihar Kebbi, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga, akasarin tsofaffi ba su taɓa aikin albashi ba, don haka ba su da fansho.

Da su a tafkin Kainji, da noman shinkafa da albasa, da ƙananan sana'o'i suke dogara har ƙarfinsu ya ƙare.

Irin waɗannan mutane ne ake nufi da fanshon tallafi, wanda gwamnati kan biya daga baitulmali bayan ta auna abin da mutum ke samu. Sai dai ma'aunin kan iya juyawa ya cutar da tsohon da bai daina neman na kansa ba.

Yadda ake lissafi

Ƙa'idar ita ce, idan kuɗin shiga ya ƙaru, tallafi ya ragu. Inda ƙasashe suka bambanta shi ne yawan abin da suke kau da kai a kansa.

A Birtaniya, shirin Pension Credit da aka soma a 2003 ya yafe wa mutum ɗaya fam 5 kacal a mako daga ladan aikinsa, ma'aurata kuwa fam 10. Abin da ya haura haka, fam ɗaya kan zabge fam ɗaya daga tallafin.

A Amurka kuwa, shirin SSI na yafe dala 65 ta farko a wata, sannan ya ƙirga rabin abin da ya saura, domin kada aiki ya zama asara.

Ga mai sana'ar kansa, riba ake dubawa bayan an cire ɗawainiya, ba cinikin da ya yi ba. Shirin na Amurka yana raba ribar shekara gida 12, abin da ke da muhimmanci ga mai samu lokaci-lokaci, kamar masunci ko manomin rani.

Halin da ake ciki a Najeriya

Najeriya ba ta da fanshon tallafi na ƙasa baki ɗaya. A 2011 jihar Ekiti ta soma biyan Naira 5,000 a wata ga marasa galihu masu shekara 65 zuwa sama da ba su karɓar fansho.

A 2016 gwamnatin tarayya ta fara biyan Naira 5,000 a wata ga gidaje matalauta da ke cikin rajistar marasa galihu ta ƙasa.

Da yake masunci ko mai sayar da busasshen kifi ba shi da takardar albashi, ba kuɗin shiga ake ƙirgawa ba. Jama'ar gari ne ke nuna matalautansu, sannan jami'ai su duba yanayin gida da kadarori da yawan iyali.

A nan ne matsalar take: kadarar da tsoho ya tara tun yana da ƙarfi na iya nuna shi a matsayin mai hali, alhali ba ya iya juya ta.

Wasu ƙasashen sun kauce wa awon gaba ɗaya. Botswana na biyan duk wanda ya kai shekarun da aka ƙayyade tun 1996, haka ma Zanzibar tun 2016, ko yana sana'a ko ba ya yi.