Tsofaffin mahaƙun gawayin ƙasa: haɗarin da ke saura bayan an rufe

Rufe mahaƙar gawayin ƙasa, wanda ake kira kwal, ba ya kawo ƙarshen haɗarinta. Ramukan da aka bari suna iya yin ɓarna shekaru gommai bayan tafiyar kamfani, kuma mazauna saman ramukan ne ke ɗanɗana kuɗarsu. Manyan haɗurran biyu ne: ruftawar ƙasa da gobarar ƙarƙashin ƙasa.

Ruftawar ƙasa

A lokacin haƙa, ma'aikata kan bar ginshiƙan kwal ko su kafa katako domin tokare rufin rami. Idan aka daina aiki aka kashe famfuna, ruwa ya cika ramin, katako ya ruɓe, ginshiƙai su raunana. Daga nan ƙasar da ke sama takan lotsa sannu a hankali, bangaye su tsage, ko kuma ta rufta farat ɗaya. A yankin Nord-Pas-de-Calais na arewacin Faransa, inda aka rufe mahaƙa ta ƙarshe a 1990, wasu wurare sun lotsa da mita da dama, ta yadda har yau sai da famfuna ake kwashe ruwa don kada unguwanni su nutse.

Gobarar ƙarƙashin ƙasa

Kwal kan kama wuta daga gobarar daji ko ƙona shara, wani lokaci ma da kansa, saboda yana ɗaukar zafi in iska ta daɗe tana ratsa shi. Tsofaffin ramuka na kai wa wutar iska, ga abin ci ba iyaka, shi ya sa kashe ta ke da matuƙar wuya. Tana fitar da karbon monoksid, iska mai guba da ba ta da wari ko launi.

Garin Centralia a jihar Pensilvaniya ta Amurka ne misalin da aka fi sani. A watan Mayun 1962 aka cinna wa juji wuta a wani tsohon ramin kwal, kuma galibin masu bincike na ganin daga nan ta sauka cikin ramukan da ke ƙarƙashin garin. A 1981 ƙasa ta buɗe ƙarƙashin wani yaro ɗan shekara 12 a bayan gida. Ya tsira ne da ya riƙe saiwar itace har ɗan'uwansa ya jawo shi. Majalisar dokokin Amurka ta ware dala miliyan 42 don sauya wa jama'a matsuguni. Garin da ke da mutum sama da 1,000 a 1980, mutum 5 kacal ƙidayar 2020 ta samu a cikinsa. Wutar na ci har yanzu.

Wa ke biyan ɓarna?

Sau da yawa ɓarnar na bayyana ne bayan kamfanin ya rushe. Don haka Faransa ta yi doka a 1999 da ta ɗora wa gwamnati biyan diyya idan mai mahaƙar ya ɓace ko ya kasa.

Tambayar ta shafi Nijar. Kamfanin SONICHAR na haƙar kwal a Anu Araren, kusa da Cirozerin a jihar Agadas, don samar da lantarki ga Arlit da Agadas, ana kuma shirin amfani da kwal ɗin Salkadamna a jihar Tawa. A fili ake haƙar Anu Araren, saboda haka haɗarin ruftawar ramuka bai kai na Centralia ba, amma kwal da aka bari a buɗe na iya kama wuta. Adana taswirar wuraren da aka haƙa, hana gini da zuba shara a kansu, da ware kuɗin gyara tun mahaƙa na kawo riba, su ne matakan da suka fi sauƙi kafin ranar rufewa.