Tsakanin Kwamfuta da Ƙofar Ma'aikata

Idan ka tambayi 'yan wannan sana'a tamu, ta bin diddigin gwamnati da na'ura, inda ta faro, yawancinsu Legas za su nuna maka da shekarar 2011. Suna da hujja, amma mu da muka yi aikin a Kano mun san an yi sharar gona tun kafin nan. A 1996 Malam Y. Z. Ya'u da abokansa suka soma koya wa jama'a kwamfuta, aikin da ya girma ya zama cibiyar CITAD, a zamanin da layin waya sai gidan wane da wane. Can a Legas kuma, tun 1993 ƙungiyar Media Rights Agenda da ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa suke fafutukar samar da dokar da za ta ba talaka ikon neman takardun gwamnati. Masu kwamfuta na tasu hidimar, masu doka na tasu, ba a cika haɗuwa ba.

Abubuwa uku suka haɗa su. Wayar salula ta shigo a 2001, kafin shekara goma ta kai hannun mai shayi da mai faci. Dokar 'yancin samun bayanai, wadda Obasanjo ya ƙi sa wa hannu a 2007, Jonathan ya sa mata hannu ranar 28 ga Mayu, 2011, ta kuma ba kowace ma'aikata kwana bakwai ta amsa wa mai tambaya. Na ukun shi ne fushi. Ranar 1 ga Janairu, 2012 aka janye tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 141, jama'a suka cika Ojota a Legas da shataletalen Silver Jubilee a Kano. A cikin wannan hayaniya ne sunan BudgIT ya fito. Oluseun Onigbinde, tsohon ma'aikacin banki, da Joseph Agunbiade sun kafa ta a cibiyar CcHUB da ke Yaba, aikinsu kuwa su ɗauki kundin kasafin kuɗi mai ɗaruruwan shafuka su mayar da shi hoto guda da mutum zai gane a kan wayarsa. A lokacin ne mutane da yawa suka fara ganin nawa aka ware wa abincin fadar shugaban ƙasa.

Amma ni a wurina, wurin da sana'ar ta balaga shi ne Bagega, a ƙaramar hukumar Anka ta jihar Zamfara. A 2010 aka gano gubar dalma na kashe yara a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Sama da yara 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun ce ba za su fara magani a Bagega ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar, don yaron da aka wanke wa jini idan ya koma wasa a tsakar gida ɗaya, aikin banza aka yi. Gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin kuɗin sharar a 2012, sama da naira miliyan 800, sai shiru. Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi suka tashi da shirin Follow The Money: suka je ƙauyen, suka ɗauko hotuna da muryoyin iyaye, suka watsa a Twitter da Facebook, sannan suka bi takardar kuɗin ofis zuwa ofis. A Janairun 2013 aka saki kuɗin. Masu ba da labarin sukan tsaya kan hayaniyar intanet, alhali rabin aikin zaman jira ne a ƙofar babban sakatare, da sanin wane sanata ke shugabantar kwamitin muhalli, da samun yardar mai gari kafin a ɗaga kyamara.

Daga nan muka gane irin mutumin da aikin ke bukata. Wanda ya iya rubuta manhaja kaɗai ba ya isa. Sai wanda zai karanta kasafi ya gane bambancin kuɗin da aka ware da wanda aka saki, ya rubuta wa ma'aikata wasiƙa bisa ƙa'ida, kuma washegari ya zauna a tabarma a ƙofar dagaci ya yi bayani da Hausar da tsohuwa za ta fahimta. Shirin Tracka, da BudgIT ta fara a 2014 don bin ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa, bai tsaya da ƙafafunsa ba sai da aka ɗauki jami'ai a jihohi suna buga jerin ayyukan a takarda suna kai wa gari gari. A Arewa kuwa rediyo ya fi kowace manhaja tasiri. Na ga rijiyar burtsatse da aka yi watsi da ita ta samu ɗan kwangilarta cikin mako guda, don kawai an karanta sunan garin da adadin kuɗin a shirin safe.

Wasu daga cikinmu sun shiga gwamnati. Najeriya ta shiga ƙawancen gwamnati a buɗe na duniya a 2016, Kaduna ta bi sahu da manhajarta ta Eyes and Ears, kuma a 2023 Bosun Tijani, ɗaya daga waɗanda suka kafa CcHUB, ya zama ministan sadarwa. Ban ga laifin shiga ba, don doka a ciki ake rubuta ta. Abin da ke damuna shi ne yadda muka yarda da na'ura fiye da kima. Buhari ya ƙi sa hannu a ƙudurin 'yancin intanet a 2019, aka rufe Twitter wata bakwai daga Yunin 2021, mu kuma muna ta tallata na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS da shafin IReV na ɗora sakamakon zaɓe ga matasa. Da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ya ƙi hawa shafin a kan lokaci, Kotun Ƙoli ta ce dokar zaɓe ba ta mayar da shi wurin tattara sakamako ba. Da ƙarfin da muka kashe a talla mun kashe shi a zauren majalisa lokacin da ake rubuta dokar zaɓen ta 2022, da ya fi.

Yanzu hankalin yawancinmu ya koma ƙananan hukumomi 774, tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 da ya ce a riƙa biyansu kasonsu kai tsaye. Da yawansu ba su da shafin intanet, kasafin kuɗinsu yana cikin durowar ma'aji, kuma sai mutum ya je da ƙafarsa ya nema.