Daga Fim Zuwa Fayil: Hoton Asibiti a Yammacin Zamfara

Tsoffin ma'aikatan sashen hoto a Sakkwato da Gusau har yau suna tuna warin ɗakin duhu. A can ake tsoma fim a ruwan wanki, a rataye ya bushe, a zura a babbar ambulan a miƙa wa majinyaci. Mutumin Gummi ko Bukkuyum ya ɗauki nasa ya koma gida, zafi ya lanƙwasa shi, damina ta manne shi da takarda. Mai binciken da ya biyo sawu bayan shekara ba abin da zai tarar sai layi guda a rajista.

A Amurka tun 1985 likitocin hoto da masu ƙera na'urori suka tsara ƙa'idar adana hoto a kwamfuta, wadda a 1993 ta koma DICOM. Fayil irin wannan yana ɗauke da hoton, da sunan majinyaci, da ranar haihuwarsa, da na'urar da ta ɗauka, har da faɗin kowane ɗigo a milimita.

Abin da ya jawo masu bincike yammacin Zamfara kuwa, gubar dalma ce. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta tarar yara na mutuwa a Dareta da Abare na ƙaramar hukumar Anka, da 'Yargalma ta Bukkuyum, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Yara kusan 400 suka rasu. Littattafan likitanci sun ce dalma kan bar farin layi a ƙarshen ƙashin yaro, eksire na nuna shi. Amma hasken eksiren da ya fi yin aiki a ƙauyukan nan, ƙasa aka auna da shi. Ma'aikatan kamfanin TerraGraphics sun riƙa ɗora na'urar hannu ta XRF a tsakar gida da bakin turmi, a wasu wurare ta nuna dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta sa a lokacin 400 ce. Na'urar gwajin jini ta LeadCare II ma 65 ne ƙarshenta, dole sai an tsarma jinin wasu yara kafin ta karanta.

Aikin ya tsaya ne a kan lamba: kowane gida da tasa, kowane yaro da tasa. Da haka aka iya tattara zagayen maganin gubar 3,180 a rahoton da mujallar PLoS Medicine ta buga a 2014.

Masu kula da fayilolin hoto sun san wannan wahala ta suna da lamba ciki da bai. A ƙauye ɗaya za a sami A'isha Abubakar fiye da ɗaya, uwa kuma ta ce an haifi 'yarta da kaka, magatakarda ya rubuta 1 ga Janairu. Kafin fayil ya shiga bincike dole a goge sunan a sa lamba, a ɓoye makullin a wani wuri dabam. Hoton sikanin ciki ya fi taurin kai, domin na'ura kan buga sunan a jikin hoton kansa, sai an bi an shafe.

Babban maɓarnaci dai waya ce. A ɗaga fim a taga, a ɗauka, a tura wa likita ta WhatsApp. Don ceton rai ya wadatar sau da yawa, amma manhajar ta matse hoton, ma'auni ya tafi, ba mai iya auna komai a kansa.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince kwamfuta ta karanta hoton ƙirji don tace masu tarin fuka daga shekara 15 zuwa sama. Irin wannan manhaja galibi cikakken fayil take buƙata, shi kuma yana buƙatar wuta mai tsayawa da ma'ajiya ta biyu, ga ma'aikacin da zai zauna ya tabbatar lambar fayil ta yi daidai da ta rajista.