Tarihin Kalmomin Ingilishi Na Kiran Mazan Jiya

Masu iya magana sun ce, sai an gwada akan san na ƙwarai. Mu Hausawa in mutum ya sha gwagwarmaya da duniya har ya ƙi, mukan ce gogagge ne, ko mu ce ya ga jiya ya ga yau. To, Ingilishi ma suna da nasu kalmomi na kiran irin wannan mutum, kuma kowace kalma tana ɗauke da tarihin inda ta fito. Ga huɗu daga cikinsu.

Ta fari ita ce veteran, watau tsohon soja. Asalinta Latin ne, harshen Rumawa, daga kalmar vetus, ma'anarta tsoho. A shekara ta 6 Miladiyya Sarkin Rum Augustus ya kafa baitulmali na musamman don sallamar soja. Wanda ya yi shekara 20 a bakin dāga akan ba shi kuɗin Rum 12,000, alhali albashinsa na shekara 900 ne, ka ga ladan shekara 13 ke nan da ɗoriya. Waɗansu kuwa gona akan yanka musu a ƙasashen da aka ci da yaƙi. Ta haka aka zaunar da tsofaffin soja a Colchester ta Ingila a shekara ta 49, aka kuma gina musu birnin Timgad a Aljeriya a shekara ta 100, wanda kufansa yana nan har yau. Amma na Colchester suka shiga ƙwace gonakin mutanen ƙasa, har wajen shekara ta 60 wata sarauniya mai suna Boudica ta tashi da jama'arta, ta ƙone garin ƙurmus. Kalmar ba ta shiga Ingilishi ba sai a ƙarni na 16. Daga baya aka faɗaɗa ta, har malami ko likita da ya daɗe bisa aikinsa akan kira shi da ita.

Ta biyu ita ce seasoned. Masassaƙa ne suka fi yin aiki da ita. Ɗanyen itace in an yi jirgi da shi yakan kantare, ya tsage, ya ruɓe. Saboda haka akan jibge katako a inuwa, rani da damina su bi ta kansa, har ya bushe sarai. Jirgin yaƙin nan da ake kira Victory an soma gininsa a 1759, aka bar gangar jikinsa tana shan iska wajen shekara 3, ba a sa shi a ruwa ba sai 1765. Ya yi yaƙin Trafalgar a 1805, kuma har yanzu yana ajiye a Portsmouth. To, mutumin da wuya ta gasa har ya daina tsoronta, shi suke kamantawa da wannan katako.

Amma fa, kai mai karatu, kalmar nan tana da wani tarihi mai ɗaci. Zamanin cinikin bayi, waɗanda aka kwasa daga Afirka ta Yamma zuwa gonakin rake na Jamaika da Barbados, akan ce suna cikin seasoning a shekarunsu na fari, wani lokaci har shekara 3. A cikin wannan tsakani ake tilasta musu sabon harshe da sabon suna da aikin bulala, ga cututtukan da ba su saba da su ba. Da yawa ba su kai ƙarshensa ba. Wanda ya tsira shi ake ce wa seasoned, kuma kuɗinsa ya fi na sabon zuwa. Majalisar Ingila ba ta hana cinikin ba sai 1807.

Ta uku ita ce old salt, ma'anarta tsohon gishiri. Ingila tsibiri ce, ruwan teku kuwa ruwan gishiri ne. Matuƙin da ya tsufa bisa teku, iska da rana suka dafa fuskarsa, sai su ce gishiri ya ratsa shi. Irinsa ne sababbin ma'aikatan jirgi kan kewaye da dare don jin labarin hadari da garuruwa masu nisa, kamar yadda 'yan ayari kan kewaye madugu a zango.

Ta huɗu ita ce case-hardened, wadda ta fito daga maƙera. Sukan rufe ƙarfe cikin akwati tare da gawayi ko ƙashi ko ƙaho, su hura masa wuta na tsawon sa'o'i, kāna su tsoma shi cikin ruwa. Bayansa sai ya yi tauri, ko zarto ba ya kama shi. Wannan kalma ba yabo ba ce. Sukan faɗe ta ga wanda zuciyarsa ta ƙeƙashe, ba ya jin kunya, ba ya jin tausayi. Ashe su ma sun lura wuya ba kowa take gyarawa ba.

Kalmar fari ta iso ƙasarmu tare da aikin soja. A Yaƙin Duniya na Biyu rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, sun yi yaƙi da Japan a dazuzzukan Bama, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar, kuma a Janairu 1945 suka kama garin Myohaung. Hausawa da yawa suna cikinsu. Da suka komo gida, takardun Turanci suka kira su veterans, mu kuwa muka ce 'yan Bama, ko mazan jiya. Barikin Chindit na Zariya daga wannan yaƙi ya sami sunansa.

Saboda haka in ka ci karo da ɗaya daga cikin kalmomin nan a littafi ko jarida, tsaya ka duba ko yabo ce ko zargi. In kuwa akwai tsohon soja a unguwarku, je ka gaishe shi, ka roƙe shi labari, ka rubuta tun yana da rai, tun da yake Allah ya sa ka iya riƙe alƙalami.