Hular Kwano da Rawani: Rigimar Masu Babur a Ingila

Hular kwano ta shiga rayuwar masu babur a Birtaniya ne ta hannun likita. A shekarar 1935 T. E. Lawrence, sojan nan da ya yi suna a ƙasashen Larabawa, ya faɗi da babur a Dorset, ya bugu a ka, ya rasu bayan kwana shida. Cikin likitocin da suka duba shi akwai Hugh Cairns, masanin tiyatar ƙwaƙwalwa, wanda daga baya ya duƙufa kan binciken raunin kai a tsakanin sojoji masu kai saƙo a babur. Da ya wallafa sakamakonsa a 1941, rundunar sojan Birtaniya ta wajabta wa mahayanta sanya hular. Farar hula kuwa sai da suka ƙara shekara 32 kowa yana yin yadda ya ga dama.

A wannan tsakani Birmingham ce uwar babura. Kamfanin BSA yana unguwar Small Heath, Norton yana Aston, Ariel yana Selly Oak, Velocette kuma yana Hall Green. Babur shi ne dokin ma'aikaci, da shi yake sammakon zuwa masana'anta, da shi yake fita shan iska ran Lahadi. Hular wancan zamani kamar rabin ƙwarya take, an yi mata shafi daga ciki, ga fatu biyu da ke rufe kunnuwa, ga maɗauri a ƙarƙashin haɓa. Mahaya da yawa sun fi son hular ƙyalle da tabarau. Kukansu shi ne kwanon yana da nauyi, yana matse goshi, yana toshe kunne, kuma yana ɓata gyaran gashi, wanda ba ƙaramin abu ba ne a wajen samarin lokacin. Da aka fito da mai rufe fuska baki ɗaya a ƙarshen shekarun 1960, sai sabon ƙorafi ya taso: a sanyin Ingila numfashin mahayi kan zama raɓa a jikin gilashin, sai ya dinga ɗaga shi da yatsa kafin ya ga hanya.

Ranar 1 ga Yunin 1973 doka ta fara aiki, ta wajabta hular a kan mahayi da wanda ya goyo. Mafi yawan mahaya sun riga sun saba sanya ta da kansu, don haka tilascin ne ya yi musu ciwo. A shekarar aka kafa ƙungiyar Motorcycle Action Group domin yaƙar dokar, bisa hujjar cewa baligi shi ke da iko da kansa.

Mabiya addinin Sikh su ne dokar ta fi shafa. Namijin Sikh mai riƙo da addini ba ya aske gashinsa, yana naɗe shi cikin rawani, kwano kuma ba ya hawa kan rawani. A Manchester akwai Gyani Sundar Singh Sagar, wanda ba baƙo ba ne a irin wannan gwagwarmaya. A 1959 ya nemi aiki a hukumar motocin bas ta birnin, aka ce sai ya tuɓe rawani ya sa hular ma'aikata. Ya ƙi, ya yi ta fafutuka har 1966 kafin hukumar ta sauko. Da dokar hular kwano ta zo, sai ya hau ƙaramin babur da rawaninsa da gangan. Aka yi ta cin sa tara yana ƙin biya, har aka kai shi gidan yarin Strangeways. Hujjar da ta fi ratsa 'yan majalisa ita ce ta yaƙi: sojojin Sikh sun yi wa Birtaniya yaƙe-yaƙen duniya biyu da rawani a ka. Sydney Bidwell, ɗan majalisa mai wakiltar Southall, ya gabatar da ƙuduri, a 1976 aka keɓe Sikh mai sanye da rawani daga dokar. Shari'ar da ta ƙara ƙarfafa matsayin rawani ta fito ne daga Birmingham, inda makarantar Park Grove ta ƙi karɓar wani yaro saboda naɗinsa. A 1983 Majalisar Dattawa, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta ba iyalinsa gaskiya.

Masu neman 'yanci zalla ba su sami irin wannan nasara ba. Fred Hill, tsohon malamin makaranta da ya taɓa kai saƙo a babur lokacin yaƙi, ya ce abin da aka yarje wa wani a yarje wa kowa. Ya ci gaba da hawa da 'yar hularsa ta ƙyalle, ba ya biyan tara, aka ɗaure shi sau 31. A Fabrairun 1984 ya rasu a gidan yarin Pentonville yana da shekara 74.

Ƙorafin jin daɗi kuwa masu ƙera hular ne suka yi maganinsa a hankali, da kwano marar nauyi, da ƙofofin shan iska, da gilashi mai ruɓi biyu da ba ya kama raɓa. Wannan kuka ba na Ingila kaɗai ba ne. Da hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta fara tilasta hular a Janairun 2009, wasu 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya ko bokitin fenti a ka, fasinjoji kuma suna ƙyamar kwanon da ya sha gumin wani.

A Birtaniya tun 2007 gwamnati ke gwada hulunan a ƙarƙashin shirin SHARP, tana ba su tauraro ɗaya zuwa biyar. Mai hawa ba hula yana iya biyan tarar da ta kai fam 500, sai dai in Sikh ne sanye da rawaninsa.